Mota Ta Sake Hali, Saura Mu Malamai

Malam Edita, ina roƙonka ka ba ni ɗan fili cikin mujallarmu in yi wa 'yan'uwana ɗalibai, da malamanmu, magana a kan wani abu da ya ke damuna. Na san waɗansu da sun ga sunan mota a kan wannan takarda za su ce, "To, mu da mu ke koyon aikin malanta, ina ruwanmu da mota? Ko keke ba mu da shi." Ku dai yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, sa'an nan ku yanke mini hukunci.

Akwai wata magana da ta zauna a bakin malaman makaranta a ƙasarmu, kowa cikinmu ya taɓa jin ta tun yana firamare. In yaro ya faɗi jarrabawa sau biyu sau uku, sai malam ya dube shi ya ce, "Kai, ba ka da kan karatu, gara ubanka ya kai ka gareji." Uban kuwa sai ya ɗauki maganar malam, ya cire yaro daga makaranta, ya damƙa shi ga wani makaniki. Abin da na ke so in nuna shi ne, wannan magana ta tsufa. Motar yanzu sai mai karatu da lissafi ke iya gyara ta. Saboda haka malamin da ya kori yaro zuwa gareji ba karatu, ya tura shi ne ga sana'ar da ita ma za ta kore shi nan gaba kaɗan.

Zan kafa misalina da Kubwa, gama nan na fi sani. Asalin Kubwa ƙauyen Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. A 1976 aka yanke shawarar gina sabon babban birni a Abuja, a watan Disamba 1991 kuwa gwamnati ta taso daga Ikko, watau Legas, ta dawo nan. Ma'aikatan da kuɗin haya a cikin birni ya fi ƙarfinsu suka yi ta kwararowa Kubwa, har ta zama ɗaya daga cikin manyan garuruwan da ke kewaye da Abuja. Yawancin mutanenta kwana kaɗai su ke yi a gida. Da asuba sun kama babbar hanya, tafiyar fiye da kilomita 20, zuwa Wuse da Garki da Sakatariya. Ko da ya ke jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, yana da tasha a Kubwa, ba shi ke kai mutane ofis ba, mota ce. Bayan ko wace mota kuwa akwai bakunan da ke ci: direba, da kwandasta, da ɗan kamasho, da makaniki, da mai wayarin, da mai faci, da mai walda, da mai fenti, da mai sayar da baƙin mai, har da mai tuwo a bakin gareji. Ga kasuwar kayan gyara ta Zuba a kusa da mu, ga unguwar makanikai ta Apo a cikin birni. Ka shiga ko wane aji a Gbazango ko Byazhin ko Dutse Alhaji, ka tambayi yara sana'ar iyayensu, za ka ga mota ce ke biyan kuɗin littafin da yawa cikinsu.

Bari mu yi wa malaman da adalci, mu duba yadda mota ta ke a zamaninsu. Wani Bajamushe, Karl Benz, shi ya yi rajistar motarsa mai shan fetur a 1886. A 1913 Henry Ford na Amurka ya fito da dabarar jera ma'aikata a layi, mota tana wucewa a gabansu kowa yana ɗaura abu guda, har lokacin haɗa mota ɗaya ya sauko daga fiye da awa 12 zuwa kamar awa ɗaya da rabi. Mota ta yi arha, ta bazu cikin duniya. A ƙasarmu, daga 1975 zuwa farkon shekarun 1980, gwamnati ta haɗa kai da kamfanonin Turai aka kafa masana'antu shida na haɗa motoci: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Ikko, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauci, Fiat a Kano, da Mercedes a Inugu.

Sarauniyar wancan zamani ita ce Peugeot 504, wadda mu ke kira Fijo. In ka buɗe bakinta kome a fili ya ke. Ga kafireta tana gauraya mai da iska, ga kwantak da fulogi suna ba da wuta, ga fanbel, ga lagireto. Makaniki ya kan kasa kunne ya ji ƙarar injin, ya sunsuni hayaƙin salansa, ya kwance kafireta ya hure ta da baki, mota ta tashi. Yaro mai ido da haƙuri, in ya yi shekara biyar ko bakwai a hannun maigida, ya san ta ciki da waje ko da bai san harafi ɗaya ba. To, malamin da ya ce a kai yaro gareji a wancan lokaci, lalle ya nuna masa hanyar abinci.

Amma in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, kayan da masana'antun nan ke sayowa daga waje suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Masana'antu suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Sai aka koma ga gwanjo, motocin da Turawa suka hau suka gaji, ana sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Shi ya sa mu ke ce musu 'yan Kwatano, Yarabawa kuwa su ce tokunbo. Gwamnatoci sun yi ƙoƙarin mai da hannun agogo baya. A 2013 aka fito da wani tsari da ya ɗora haraji har kashi 70 cikin 100 bisa motocin waje, daga Janairu 2017 aka hana shigo da su ta iyakar ƙasa, sa'an nan dokar kuɗi ta 2020 ta sake sassauta harajin. Kamfanin Innoson ya buɗe masana'antarsa a Nnewi a 2010, kamfanin Dangote da Peugeot kuma ya soma haɗa motoci a Kaduna a 2022. Duk da haka, ka tsaya bakin hanyar Kubwa ka ƙirga, gwanjo ce ta fi yawa nesa ba kusa ba.

Ku lura da abin da wannan ke nufi. Tun da ba mu ke ƙera motar da mu ke hawa ba, ba mu ke zaɓen irinta ba. Abin da aka shawarta a Amurka da Japan da Jamus da ƙasar Sin, shi zai sauka a garejin Kubwa bayan shekara goma ko sha biyar, ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Canji na farko ya riga ya iso tun tuni. Dokokin hana hayaƙi a Amurka da Turai suka kashe kafireta a wajen 1990, aka maye gurbinta da wata ƙaramar kwamfuta, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Akwai ƙananan na'urori a jikin injin, wata tana auna iskar da ke shiga, wata zafin ruwa, wata hayaƙin da ke fita, dukansu suna kai wa ƙwaƙwalwa labari, ita kuwa tana lissafa yawan man da za ta fesa. Gwargwadon da ta ke nema shi ne nauyin iska 14.7 ga nauyin fetur 1. Daga 1996 doka ta wajabta wa ko wace mota da za a sayar a Amurka ta kasance da wani soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. In mota ta yi ciwo, sai a jona mata na'ura a nan, ta faɗi abin da ke damunta da lamba. Misali, in ta nuna P0171, ma'anarsa iska ta yi wa mai yawa. Amma lambar ba ta faɗin dalili. Ko wata roba ce ta tsage iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya, ko na'urar auna iska ce ta yi ƙura, ko famfon mai ne ya yi rauni. Sai mai gyara ya karanta bayani, galibi da Turanci, ya auna, ya kwatanta abin da ya samu da abin da littafi ya ce, ya fid da ɗaya ɗaya har ya kai ga gaskiya. Jama'a, wannan ba shi ne abin da mu ke koyarwa a darasin karatu da na lissafi da na kimiyya ba?

Makanikin da ba shi da karatu, in irin wannan mota ta zo masa, sai ya koma canki-canka da kuɗin mai mota. Ya sake fulogi, ba ta warke ba. Ya sake famfo, ba ta warke ba. Ƙarshe sai a yanke wayar fitilar gargaɗi don ta daina damun mutane. Akwai wani ɗan bawul da ke tsare ruwa har injin ya kai zafin da ya dace. An saba cire shi a yar, wai don ƙasarmu tana da zafi. Alhali in an cire shi injin ba ya saurin kai zafinsa, ƙwaƙwalwa kuwa ta kan ɗauka har yanzu da sanyi, ta yi ta ƙara mai, mai mota yana ta kuka da tsadar fetur bai san inda kuɗinsa ke zurarewa ba. Haka kuma abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi, wanda aikinsa tace gubar hayaƙi: a fasa shi a sayar saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinsa, hayaƙin kuwa ya koma huhun 'ya'yanmu masu talla a bakin titi. Ban faɗi haka don in ci mutuncin kowa ba. Mutum ba ya yin abin da ba a koya masa ba. Amma ku dubi inda riba ta koma. Saurayi mai na'ura a jaka zai zo ya jona ta minti goma ya karɓi kuɗinsa ya tafi da farar rigarsa, dattijon da ya yi shekara talatin yana sana'a shi zai yini kwance ƙarƙashin mota.

Canji na biyu yana faruwa a gaban idonmu. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta koma naira 537 a Abuja cikin 'yan kwanaki, a watan Oktoba 2024 kuwa ta haura naira 1,000. Duk mai zuwa aiki daga Kubwa ya ji a jikinsa. Waɗansu suka jingine motocinsu, waɗansu ma'aikata suka mai da nasu kabu-kabu, suna ɗaukar fasinja safe da yamma don su sami na mai. Gwamnati ta kafa wani shiri a watan Agusta 2023 don a juyar da motoci su koma shan iskar gas, a watan Yuli 2024 kuma kamfanin NNPC ya buɗe gidajen gas 12 a Abuja da Ikko, ɗaya daga cikinsu a Kubwa. Nan da nan juya mota zuwa gas ya zama sabuwar sana'a.

Sai dai wannan sana'a ba ta yafe kuskure. Gas ɗin da a ke dura wa mota ana matse shi ne cikin tukunya har ya kai wajen ninki 90 na iskar da mai faci ke dura wa taya. Tukunyar girki ta gida ba don irin wannan matsi aka yi ta ba, balle wadda aka lanƙwasa ƙarfe aka yi wa walda a kasuwa. A jikin tukunyar gaskiya an rubuta matsin da ta ke ɗauka, da ranar da aka gwada ta, da ranar da za a daina aiki da ita. A watan Oktoba 2024 wata mota ta fashe ana cikin dura mata gas a birnin Benin, mutane suka ji munanan raunuka, hukuma kuwa ta ce tukunyar da ke cikinta ta walda ce, ba wadda aka amince da ita ba. A zamanin Fijo, in makaniki ya yi kuskure mota ta kan mutu a hanya a tura ta. Yanzu rashin iya karanta rubutun da ke jikin tukunya yana iya cin ran direba da fasinja da mai dura gas gaba ɗaya.

Canji na uku yana tafe, shi ne mota mai lantarki. A 2024 an sayar da motoci masu caji fiye da miliyan 17 a duniya, watau fiye da ɗaya cikin ko wace sabuwar mota biyar. Kamfanin BYD na ƙasar Sin ya daina ƙera mota mai fetur zalla tun 2022, a 2023 kuma Sin ta sha gaban Japan wajen sayar da motoci ga ƙasashen waje. Ko a nan Afirka, Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu fetur a 2024. Kada mu ɗauka abin na baƙi ne kaɗai. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana surar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, daga baya ya dawo gida ya shugabanci hukumar kula da ƙera motoci daga 2017 zuwa 2023. A zamaninsa aka nuna Hyundai Kona, mota mai lantarki da aka haɗa a Ikko, aka kuma buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021. A Maiduguri wani matashi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen cire injin daga ƙananan bas ya sa musu batir. Dutsen litiyam da a ke yin batirin da shi ana haƙarsa a Jihar Nasarawa, maƙwabciyarmu, har an buɗe masana'antar sarrafa shi can a 2024.

Mota mai lantarki zalla ba ta da fulogi, ba ta da fistin, ba ta da salansa, ba a juye mata baƙin mai. Ku auna yawan rumfunan Zuba da ke rayuwa bisa waɗannan kaya. Abin da ke cikinta batir ne da waya da kwamfuta. Batirin motar da muka saba ƙarfinsa bolt 12 ne, kowa yana taɓa shi da hannu. Na mota mai lantarki ya kan kai 400, waɗansu har 800, fiye da wutar gida. An yi wa wayoyinsa launin ruwan lemo don gargaɗi, akwai kuma ƙa'idar kashe wutar kafin a sa hannu. Yaron da aka koya masa gwada waya da goga ta a jikin ƙarfe ya ga ko za ta yi tartsatsi, ranar da ya yi wa wannan haka ba zai koma gida ba.

Har cinikin ma ya sake. Kamfanin Uber ya shigo Abuja a 2016, Bolt da waɗansu suka biyo baya, wayar hannu ta karɓi aikin ɗan kamasho. Direba yanzu sai ya karanta taswira, ya lissafa kason da kamfani zai cire da kuɗin mai da na gyara, kafin ya san ko yau ya ci riba ko kuwa motarsa ya ke ci. Dillalin mota kuma, ko wace mota tana da lambar shaida mai harufa da lambobi 17. Mai karatu ya kan bincika ta a intanet ya gane ko motar ta taɓa haɗari ko ruwa ya taɓa cinye ta a Amurka. Wanda bai iya ba sai ya sayi fenti.

Na san akwai masu ja da ni, maganarsu kuwa tana da nauyi, don haka zan amsa musu.

Wani zai ce, "Wace mota mai lantarki a ƙasar da ba wuta?" Gaskiya ne, wutar da a ke rarraba wa ƙasar nan duka ba ta cika wuce megawat 5,000 ba, mutanen Kubwa kuwa sun san ƙarar janareta fiye da kukan zakara. Ban ce gobe fetur zai ƙare ba. Amma motoci masu haɗa fetur da batir, irin Toyota Prius da aka fara sayarwa tun 1997, ba su bukatar soket, suna kuwa yawo a titunan Abuja yanzu haka, da babban batirinsu mai haɗari. Sa'an nan ku yi wannan lissafi. Motar da ta fito sabuwa a ƙasashen waje bana, za ta iso mana gwanjo bayan shekara goma zuwa sha biyar. Yaron da za mu karɓa a aji ɗaya, mai shekara shida, a lokacin nan ne zai zama saurayi mai neman sana'a. Watau motar da zai gyara an riga an ƙera ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani kuma zai ce, "Tsohon makaniki ya fi ɗan boko mai na'ura sanin mota." Sau da yawa haka ne. Na'ura ba ta jin ƙarar da kunnen gwani ke ji, ba ta kuwa kwance noti. Akwai masu takardar shaida da ba su iya riƙe sifana ba. Abin da na ke nema shi ne hannu da karatu su haɗu a jikin mutum ɗaya. Mun raba su ne da kanmu, muka ba wani alƙalami muka ce shi ne mai hankali, muka ba wani sifana muka ce shi ne daƙiƙi, ga shi yanzu mota tana neman mai duka biyu, ba mu tanada ba.

Mai ja na uku shi ya fi ƙarfi. Zai ce, "Ai yaron karatun ne ya kasa, shi ya sa aka kai shi gareji. Yaya za a yi da shi?" A nan na ke so mu malamai mu binciki kanmu. Yaron da aka ce ba ya gane lissafi, ka aike shi kasuwa ka ga ko za a cuce shi canji. Yaron da ya kasa darasin gwargwado a allo, shi ne ke auna baƙin mai da fetur a ƙaramin janaretan gidansu ba ya kuskure. Da yawa cikin waɗanda mu ke kira marasa kai, cunkoson aji ne ya danne su, ko kuwa an yi musu bayani da harshen da ba su ji, a kan abin da ba su taɓa gani ba. Cewa yaro ba shi da kan karatu hanya ce mai sauƙi ga malami ya sauke kaya daga kansa.

Na huɗu zai ce wannan aikin gwamnati ne, ta gina makarantun sana'a ta kawo injuna. Lalle akwai hakkin gwamnati. Amma mu tuna da 1982, sa'ad da aka soma tsarin 6-3-3-4, aka sa darasin fasaha a ƙaramar sakandare, aka sayo injuna daga ƙasashen waje da kuɗi masu yawa. A makarantu da dama injunan nan sun tsufa cikin akwatunansu, gama ba ɗakin aiki, ba wuta, ba malamin da ya san su. Akwati ba ya koyarwa. Muna da kwalejojin horon malaman fasaha a Bichi da Gusau da Gwambe da Potiskum, amma kafin yaro ya kai hannun waɗanda suka fito daga can, sai ya bi ta hannunmu tukuna. In mun sake shi bai iya karatu ba, ba injin da zai cece shi.

To, me za mu yi da abin da ke hannunmu? Ga shawarata.

Na farko, mu yi wa kanmu alkawari ba za mu ƙara zagin yaro da gareji ba, ba kuwa za mu mai da aikin hannu horo ba. A makarantar mishan da na yi, aikin hannu yana cikin jadawali, amma wanda ya yi laifi shi a kan ba lauje da fartanya, har muka tashi muna ganin duk mai gumi mai laifi ne. Wannan ya saɓa wa abin da addinanmu biyu ke koyarwa. Mu Kirista mun san Yesu a gidan masassaƙi ya tashi, Manzo Bulus kuwa da ɗinkin tanti ya ci da kansa. 'Yan'uwanmu Musulmi sun san Annabi Dawuda da ƙirar sulke, Annabi Nuhu da sassaƙar jirgi.

Na biyu, in uba ya zo zai cire ɗansa ya kai shi koyon sana'a, kada mu hana shi sana'a, amma mu roƙe shi ya bar yaro ya gama ƙaramar sakandare, ko ya riƙa zuwa gareji bayan an tashi makaranta da lokacin hutu. Mu gaya masa dalili da misalin mota, gama uba ya fi jin maganar abinci da maganar takarda.

Na uku, mu shigo da mota cikin darasi. Kilomita nawa ne daga Kubwa zuwa Wuse, lita nawa mota ke sha, nawa direba zai samu in ya ɗauki mutum huɗu? Ga jimla, ga rabawa, ga riba da hasara. Tsohon batirin tocila da ƙwan fitila da guntun waya sun isa a nuna yadda lantarki ke zagawa. Rubutun da ke jikin taya da galan ɗin baƙin mai abin karatu ne. Ba ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar takarda daga ma'aikatar ilmi.

Na huɗu, mu gayyaci makaniki ko mai wayarin na unguwa ya zo aji da kayansa, mu ba shi kujera, mu kira shi malam a gaban yara. 'Yan mata ma su matso gaba. Sandra Aguebor, mutuniyar Benin, ta zama makaniki tun ana yi mata dariya, a 2004 ta kafa ƙungiyar koya wa mata gyaran mota. Aikin da ya koma na karatu da auna waya ba ya tambayar ƙarfin damtse.

Na biyar, ina roƙon shugabannin kwalejinmu da ƙungiyar ɗalibai su duba ko za mu buɗe ajin yamma ga yaran gareji da ke kusa da mu, sau biyu a mako, mu koya musu karatu da lissafi da ɗan Turancin da ke cikin littafin mota. Mu muna neman inda za mu gwada koyarwa, su suna neman mai koya musu. Sai mu fara neman yardar iyayen gidansu cikin ladabi, gama ba a shiga gonar mutum sai da sallama.

'Yan'uwa, ba mu da iko a kan abin da za a ƙera a Sin ko Japan, ba mu da iko a kan kuɗin fetur. Ikonmu yana kan yaron da ke zaune a bencin baya, wanda kowa ya fid da rai gare shi. In ya bar hannunmu yana karanta abin da ke gabansa, yana aunawa, yana tambayar dalili, ko wace irin mota ta zo zai ci abinci da ita. In kuwa mun sallame shi hannu wofi, zai zama mai wanke noti ga wani har tsufansa, alhakinsa kuwa yana wuyanmu.

Wanda ya ga na kauce, ina roƙonsa ya amsa mini a fitowa ta gaba, musamman 'yan'uwanmu na sashen kimiyya da waɗanda iyayensu ke wannan sana'a, gama sun fi ni sanin cikinta. Allah shi ba mu haƙuri da yaran da za a damƙa mana, amin.